DALLA-DALLA: Yadda ake gano matsalar wuta idan mota ta ƙi tashi, kafin a sayi sabon batir

Kusan babu mai motar da bai taɓa murɗa makulli da safe motar ta yi masa shiru ba. Abin da ya saba biyo baya sananne ne: a nemi matasan unguwa su tura, ko a aro batirin maƙwabci, idan abin ya maimaitu sau biyu ko uku sai a yanke hukunci cewa batir ya mutu, a tafi kasuwa a sayo sabo. Sau da yawa hukuncin daidai ne. Amma akwai lokutan da sabon batirin kan yi mako biyu kacal shi ma ya kwanta, domin tun farko cutar ba a jikinsa take ba.

A wannan zamani da farashin batir da sauran kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, canza kaya bisa zato asara ce babba. Ban da asarar kuɗi akwai ta lafiya da tsaro, domin motar da ta ƙi tashi a ƙofar gida yau, gobe tana iya mutuwa da dare a kan babbar hanya, ko a daidai lokacin da ake gaggawar kai mara lafiya asibiti. Wannan bayani ya bi matakan da ƙwararrun masu gyaran wayar mota, waɗanda aka fi sani da riwaya, suke bi domin gano inda matsalar take, da abin da mai mota zai iya dubawa da kansa, da kuma inda ya kamata ya tsaya ya kira gwani.

Yadda wuta ke tayar da inji

Motocin farko da hannu ake tayar da su, ta hanyar juya wani ƙarfe a gaban inji, aikin da ya karya hannayen direbobi da dama. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai sitata ta lantarki, wadda injiniya Charles Kettering ya ƙera. Shi kuwa batirin dalma da asid ya girmi motar kanta, domin wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Har yau waɗannan abubuwa biyu ne ginshiƙin tayar da kusan kowace mota mai amfani da fetur ko dizal.

Aikin yana tafiya ne kamar sarƙa. Batir yana ajiye wuta. Idan aka murɗa makulli, ƙaramar wuta takan bi ta fiyus da rile da wani makunnin tsaro, ta isa ga solonoyid da ke kan sitata, wadda makanikai suka fi kira kik. Solonoyid sai ya tura ƙaramin haƙorin sitata ya shiga cikin haƙoran babban faifan ƙarfe da ke bayan inji, a lokaci guda ya buɗe wa babbar wuta hanya. Sitata ta juya inji, famfo ya turo mai, fulogi ya ba da tartsatsi, inji ya kama. Daga nan altaneta ta karɓi aiki, tana ciyar da motar da wuta tana kuma mayar wa batir abin da aka ci.

Abin lura a nan shi ne yawan wutar da sitata ke ja. A ƙaramar motar fetur takan ja amfiya 100 zuwa 200, a motar dizal fiye da haka, alhali fitilun gaba biyu ba su wuce amfiya 10 ba. Wannan ne ya sa kamawar rediyo ko fitilar cikin mota ba hujja ba ce cewa batir lafiya yake. Batirin da ya kusa ƙarewa yana iya kunna su, amma ya gaza juya inji.

A fara da saurare

Kafin a buɗe bonet, a kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, a murɗa makulli, a kasa kunne. Motar da ta ƙi tashi takan nuna ɗaya daga cikin alamomi biyar.

Ta farko, shiru gaba ɗaya, ko fitilun dashbod ba su kama ba. Wannan yana nufin wuta ba ta fita daga batir kwata-kwata: ko batirin ya ƙare sarai, ko kansa ya saki, ko babban fiyus ya ƙone.

Ta biyu, fitilun dashbod sun kama, amma da aka murɗa sai ƙara mai sauri, ƙat-ƙat-ƙat, fitilun suna lumshewa. Wannan kusan kullum ƙarancin wuta ne. Solonoyid yana kamawa, sitata ta ja wuta, ƙarfin ya faɗi, solonoyid ya saki, ya sake kamawa, haka ta yi ta maimaituwa.

Ta uku, ƙara ɗaya mai ƙarfi, ƙwas, sannan shiru, fitilu kuma ba su rage haske ba. A nan zargi ya fi karkata ga sitata ko babbar wayar da ke kai mata wuta.

Ta huɗu, inji yana juyawa da nauyi kamar ana jan sa dole. Batir ya yi rauni, ko waya ta yi tsatsa, ko sitata ta gaji.

Ta biyar, inji yana juyawa sosai yadda ya saba, amma ya ƙi kamawa. A nan batir da sitata sun yi nasu aikin, sai a koma kan mai da tartsatsi da ƙwaƙwalwar mota.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar kayan aiki. A kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallonsu, sannan a murɗa makulli. Idan sun dushe ƙwarai ko sun mutu, wuta ce ta yi ƙaranci. Idan haskensu bai canza ba ko kaɗan kuma inji bai motsa ba, to wutar ba ta isa sitata ba ne, ko sitatar ba ta karɓa. A kowane hali kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci ɗaya. A bari sitata ta huce kafin a sake, domin zafi yana ƙona ta.

Batir da lambobinsa

Ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da sola ke amfani da ita, ta fi kowane zato amfani, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba. Batirin mota yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan mota ta huta na wasu sa'o'i, cikakken batir zai nuna bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan. Idan ya nuna 12.4, kusan kashi uku cikin huɗu na cajinsa ne ya rage. Idan 12.2 ne, rabi ke nan. Idan ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa, cajin ya kusa ƙarewa. Batirin da ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan an yi masa caji, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu cajin da zai dawo da shi.

Sai dai wannan awo bai wadatar ba shi kaɗai. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 yana zaune, amma da zarar an ɗora masa nauyi ya durƙushe. Don haka a bar mitar a kan batir, wani ya murɗa makulli. Lafiyayyen batir bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 ba yayin da sitata ke juyawa. Idan an cika shi da caji amma ya faɗi zuwa 7 ko 8, ya gama aiki. Masu sayar da batir da yawa suna da na'urar da ke yin wannan gwaji, kuma hakkin mai mota ne ya nemi a yi a gabansa.

A ƙasashen sanyi ana cewa hunturu ne ke kashe batir. A namu yankin zafi ne babban maƙiyinsa. A biranen irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma hanzarta cinyewar farantan dalmar da ke ciki. Shi ya sa batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai sau da yawa ba ya wuce biyu ko uku a nan. Ɓarnar tana faruwa ne a bazara, amma ba ta cika bayyana ba sai da sanyin asubar hunturu, lokacin da man inji ya yi kauri, batir kuma ya rage kuzari.

Zaman mota wuri ɗaya ma yana kashe batir. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun rage hawa motocinsu, wasu sai ƙarshen mako. Batirin da aka bari babu caji na makonni, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantansa, ya rage masa ƙarfin riƙe wuta har abada. Wanda zai ajiye mota fiye da mako biyu, gara ya cire baƙin kan batir, ko ya riƙa kai shi caji lokaci-lokaci. Tayar da ita na minti biyar a tsaye ba ya mayar da abin da ya tafi.

Idan batirin mai murfi ne da ake buɗewa, a duba ruwansa ya rufe farantan. Idan ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba ruwan rijiya ko na famfo ba, ba kuma asid ba. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada a yi masa caji, kada a jona shi da wani.

Kawunan batir da wayar jiki

Kafin a zargi batir, a kama kowane kai da hannu a gwada juya shi. Idan ya motsa, an samu mai laifi na farko. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani, kamar yadda ake yawan yi, dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan kawunan yana hana wuta wucewa. A cire su, a wanke da ruwan ɗumi da garin soda na girki, a goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tamau da sifana, sannan a shafa ɗan giris a bisa. Ƙa'idar ita ce, wajen cirewa a fara da baƙin kai mai alamar ɗebewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, duk jikin mota a haɗe yake da baƙin kan, don haka idan sifana tana kan jan kai ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tashi.

Wannan ya kawo mu ga wayar da aka fi mantawa da ita. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, kuma hanyar dawowarta ita ce jikin mota da gangar inji, ta wata kakkaurar waya da makanikai ke kira at. Idan ta yi tsatsa, ko aka manta ba a ɗaure ta ba bayan an sauke inji ko giya, mota za ta nuna duk alamun mataccen batir ko matacciyar sitata. Gwajinta da mita shi ne a ɗora tsinke ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗaya a kan gangar inji, a murɗa makulli. Idan mitar ta nuna fiye da rabin bolt, wuta tana maƙalewa a hanya. Wanda ba shi da mita zai iya haɗa baƙin kan batir da gangar inji da wayar jona batir. Idan mota ta tashi nan take, wayar at ce ta lalace.

Sitata da masu tsaron ƙofarta

Idan batir ya cika, kawuna sun ɗauru, amma inji bai motsa ba, har yanzu da sauran bincike kafin a sauke sitata. Motar otomatik ba ta tashi sai giya tana kan P ko N, kuma akwai makunnin da ke tabbatar da haka. Idan ya fara gajiya, mota takan ƙi tashi a P amma ta tashi a N. A taka birki, a mayar da giya N, a gwada. Wasu motoci masu giyar hannu kuma ba sa tashi sai an taka kuloci har ƙasa, masu maɓallin dannawa kuwa sai an taka birki.

Bayan wannan sai rilen sitata, wanda ke cikin akwatin fiyus a ƙarƙashin bonet. A bayan murfin akwatin akwai zanen da ke nuna matsayin kowanne. Sau da yawa akan sami wani rile iri ɗaya da shi, misali na hon, sai a musanya su a gwada. Haka kuma a tuna da makunnin sirri da na'urar bin sawu da mutane ke sa wa motoci saboda ɓarayi. Yawancinsu ana yanka wayar sitata ko ta famfon mai ne a saka su, kuma idan haɗin ya saki, mai motar kansa ne za su hana tafiya.

Idan duk waɗannan lafiya suke, kuma wuta tana isa ƙaramar wayar solonoyid idan an murɗa makulli, to laifin na sitata ne. Tsohuwar dabarar ƙwanƙwasa ta da ƙarfe yayin da wani ke murɗa makulli tana aiki ne saboda burushin da ke ciki sun cinye, bugun yana sa su taɓa na ɗan lokaci. Wannan shaida ce cewa sitata na neman gyara, kuma bugu mai ƙarfi yana iya fasa maganaɗisun da ke cikin sitatocin zamani. Sau da yawa canza burushi ko haƙoran tagulla na solonoyid ya wadatar, ba sai an sayi sitata sukutum ba.

Inji yana juyawa amma bai kama ba

A nan ne bambancin motocin da da na yanzu ya fi fitowa. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kwayil ɗaya gare ta da kafireta, kuma kowane makaniki na iya bin wayoyinta da ido. Motocin da suka cika titunanmu yau, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf da Fijo 406, kwamfuta ce ke ba da umarnin mai da tartsatsi, kuma ba ta bayarwa sai ta gamsu.

Da farko a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da an tayar ba. Fitila mai hoton inji ya kamata ta kama. Idan ba ta kama ba, mai yiwuwa kwamfutar ba ta samun wuta, sai a duba fiyus da babban rilenta. A lokacin kuma a saurara ta wajen kujerar baya: a yawancin motoci famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Wasu motoci, cikinsu har da ƙirar Toyota da dama, ba sa kunna famfon sai inji ya fara juyawa, don haka shirun ba hujja ba ce a kansu. Yana da kyau a sani cewa fetur ɗin da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya famfon. Al'adar yawo da lita biyu ko uku kullum, wadda tsadar mai ta jawo, tana gajarta masa kwana.

Sai fitilar tsaro mai hoton makulli ko mota da kwaɗo. A Jamus da Ingila an wajabta sa na'urar hana satar mota a sababbin motoci tun 1998, don haka yawancin motocin da ake shigowa da su daga Turai suna da ita. A cikin kan makullin akwai ɗan ƙaramin guntu da motar ke ganewa. Makullin da aka yanka a kasuwa ba tare da wannan guntu ba zai buɗe ƙofa, a motoci da yawa har ya juya inji, amma motar ba za ta kama ba, ko ta kama ta mutu cikin daƙiƙa biyu. Idan fitilar tana ƙiftawa da sauri, a gwada makulli na biyu. A motoci masu maɓallin dannawa, ƙaramin batirin rimot ne kan mutu, kuma a yawancinsu idan aka kanga rimot ɗin a jikin maɓallin aka danna, motar za ta tashi.

Wani mai laifin da ya shahara shi ne sensar karanshaf, wadda ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa. Idan ta mutu, babu tartsatsi, babu mai. Alamarta ita ce mota ta mutu idan ta yi zafi, ta ƙi tashi, bayan ta huce rabin sa'a ta tashi kamar ba abin da ya faru. Na'urar binciken kwamfuta takan nuna ta da lambar P0335. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka samun soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari domin wannan bincike, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Sai dai lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kawai. Tana iya zama sensar, tana iya zama wayarta ce ɓera ya ci.

A motar dizal babu fulogin tartsatsi, sai hita da ke ɗumama ɗakin ƙonewa. Idan sun mutu, motar takan wahalar da tashi da sanyin safiya tana fitar da farin hayaƙi. Sannan idan inji yana juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, da sauti mara nauyi, a daina murɗawa. Wataƙila bel ɗin tayimin ne ya tsinke, wannan kuwa ba matsalar wuta ba ce.

Idan batir yana mutuwa kullum

Batirin da aka yi wa caji ya sake mutuwa cikin kwanaki, abu biyu ake zargi: ko ba a ciyar da shi, ko ana sace masa. A tayar da mota a auna kan batir. Lafiyayyar altaneta takan ba da tsakanin bolt 13.5 da 14.7. Idan awon ya tsaya a 12 da ɗoriya, ba ta caji, sai a duba fambel ko ya saki kafin a zarge ta. Idan ya haura 15, tana dafa batirin ne, kuma za ta iya ƙona fitilu da kwamfuta. Jar fitila mai hoton batir da ke kamawa ana cikin tafiya, saƙonta shi ne caji ya tsaya, motar tana cin abin da ke cikin batir ne kawai, kuma ba za ta yi nisa ba.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a garejinmu, wato cire kan batir inji yana aiki don a ga ko motar za ta mutu. A zamanin 504 ana iya tsira da shi. A motar da ke da kwamfuta ganganci ne, domin batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneta, idan aka cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Mai mota yana da ikon hana a yi wa motarsa wannan.

Satar wuta kuwa tana faruwa ne mota tana kashe. Ƙwan fitila mai wat 5 da ya kwana a kunne a cikin but yana jan kusan amfiya 0.4, wato kimanin amfiya 10 na ajiyar batir a kwana ɗaya. Batir mai lamba 60 zai rasa rabin cajinsa cikin kwana uku. Ana gano ɓarawon ne ta hanyar sa mita tsakanin baƙin kan batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a jira kamar rabin sa'a na'urori su yi barci. Abin da aka saba gani bai wuce amfiya 0.05 ba. Idan ya fi haka sosai, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Galibi akan tarar da abin da aka ƙara wa motar ne daga baya: rediyo mai allo, amfilifaya, na'urar bin sawu, ko cajar waya da aka bari a soke.

Fiyus ba ya ƙonewa banza

Fiyus mai gadi ne da aka yi shi domin ya mutu a madadin waya. Launinsa yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ya ƙone a sa irinsa daidai. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, kuma ita za a nema. Naɗa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fiyus, ko sa mai lamba 30 a inda aka rubuta 10, yana mayar da wayar motar ta zama ita ce fiyus ɗin. Gobarar mota da yawa daga nan take farawa.

Jona batir da turi

Idan za a jona da wata mota, tsarin yana da muhimmanci. Jar waya a jan kan mataccen batir, ɗaya bakin a jan kan mai rai. Baƙar waya a baƙin kan mai rai, ɗaya bakin kuma a wani ƙarfe mara fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalilin haka shi ne batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, haɗin ƙarshe kuma yakan yi tartsatsi. A bar mai ran tana aiki na wasu mintuna kafin a gwada, sannan a cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko. Juya kawunan ko na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona babban fiyus da altaneta da kwamfuta. Kada kuma a jona ƙaramar mota da babbar mota mai bolt 24. A nisanta sigari, a cire zobe da agogon ƙarfe.

Turi na motar giyar hannu ne kawai, a giya ta biyu, kuma ko ita sai da sauran wuta a batir da za ta kunna famfo da kwamfuta. Motar otomatik ba ta tashi da turi. Masu motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Prius, su sani cewa su ma suna da ƙaramin batir mai bolt 12 da kan hana su tashi, amma wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, mai iya kisa. Ba a taɓa su.

Motar da ruwa ya shanye, kamar yadda ya faru da motoci masu yawa a ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, ba a gwada tayar da ita ko sau ɗaya. A cire kan batir, a ja ta zuwa gareji. Ruwan da ya shiga inji yana lanƙwasa ƙarafansa idan aka juya shi, wanda ya shiga soket kuma yana haɗa wuta.

A gaban mai gyara

Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas cike suke da kayan gyara, sababbi da na hannu, amma kaya mai kyau ba ya maganin binciken da ba a yi ba. Kafin mai mota ya amince a canza wani abu, ya dace ya yi tambaya uku: nawa batir ya nuna a zaune da kuma lokacin da ake murɗawa, nawa altaneta take bayarwa, kuma wane gwaji ne ya nuna cewa wannan kayan ne ya lalace? Gwanin riwaya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin da mita a hannunsa zai amsa. A kuma nemi a dawo da tsohon kayan da aka cire, a hana yanke waya a murɗe da hannu a naɗe da leda.

Idan ta tabbata batir ne, a sayi mai girma da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, a duba ranar da aka ƙera shi, a karɓi rasit da takardar garanti, a kuma auna caji a ranar da aka ɗora shi. Tsohon kuwa a mayar wa masu sayarwa, yawanci sukan rage kuɗi a kansa. Kada a fasa shi ko a zubar da ruwansa a gida, domin dalma guba ce mai lahani ga ƙwaƙwalwar yara. Sifana mai lamba 10, wayar jona batir mai kauri, 'yan fiyus da ƙaramar mita, idan suna cikin but, sun isa su raba mai mota da kwana a hanya a mafi yawan lokuta.